Yadda ake haɗa baje kolin hotuna a Katsina ba tare da ka ci haƙƙin mai hoto ba

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni don shi ya sa na zauna rubuta wannan. Shekarun baya ƙungiyarmu ta matasan unguwa ta ce a haɗa ɗan baje kolin hotunan hawan Sallah, aka ɗora min aikin tattaro hotuna wai ni ne ɗan waya, ni kuma na bi guruf-guruf na WhatsApp da Facebook na kwaso duk wanda ya burge ni, dawakai a Ƙofar Soro, 'yan bindiga, hasumiyar Gobarau da yamma, na kai shagon buga hoto aka fitar da su manya aka sa a firam. Akwai guda ɗaya da ya fi kowanne, wani mahayi ya ja linzami doki ya ɗaga ƙafafun gaba ƙura ta turnuƙe bayansa, can ƙasa gefen dama akwai ɗan farin rubutu na sunan situdiyo, na ce wa yaron da ke kan kwamfuta ya yanke wajen yana ɓata mana kyau. Ranar buɗewa wani dattijo sa'an babana ya tsaya gaban hoton nan ya daɗe hannuwansa a baya, can ya yafito ni ya ce, "Ɗana, wa ya ɗauki wannan?" Na ce, "Wallahi Baba a intanet muka samo." Ya ce, "To ni ne intanet ɗin."

Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kun san halinmu, Katsina ɗakin kara. Kuma karar nan ita ke ruɗar mu, mai hoto ya ga aikinsa a bango ya haɗiye don kunya, mu kuma mu ɗauka shirun izini ne. Toh yanzu yaran da ke ɗaukar hoto sun waye, kyamarar wani kuɗinta ya fi na mashin, kuma akwai doka a bayansu. Ga yadda nake bi tun daga lokacin.

Abu na farko, kafin ka buga ko hoto ɗaya ka samu littafi ka rubuta kowane hoto da layinsa: wa ya ɗauka, yaushe, ina ka samo shi. Dalili shi ne dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1988, tana ɗaukar wanda ya ɗauki hoto a matsayin mai shi. Wanda ya danna kyamara. Mai dokin ba shi da haƙƙin mallakar hoton, wanda fuskarsa ke ciki ma haka, balle kai da aka turo ma a guruf. Kuma ba sai ya yi rajista ko ya sa tambari ba, yana dannawa haƙƙin ya hau. Ko ka sayi hoton a firam ka rataya a falonka, takardar da katakon ka saya, ikon sake bugawa yana hannun mai shi sai in kun yi wata yarjejeniya. Inda za ka ɗan lura shi ne ma'aikacin gwamnati da ya ɗauki hoto a bakin aikinsa, wannan yawanci na gwamnatin ne don haka ofis za ka rubuta wa, in kuma ɗan jarida ne ko ma'aikacin kamfani tambaye shi yadda suka yi da gidan da yake wa aiki.

Na biyu, nemo mai hoton, nan ne ake yawan yin lalaci. Duba kusurwoyi da kyau ko akwai logo. In babu, sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo wuraren da hoto ya fito a intanet, ka ga inda ya fara fitowa, ka bi wanda ya fi daɗewa kuma ya fi girma da tsabta. Koma wa wanda ya turo ma ka tambaye shi wa ya turo masa, ka yi ta bi kamar mai cigiya. In fayil ɗin asali ne, buɗe bayanansa a kwamfuta wani lokaci za ka ga samfurin kyamara da ranar ɗauka har da suna, amma wanda ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto duk an goge wannan. Hanyar da ta fi min aiki kuwa ita ce in nuna wa masu hoto biyu ko uku na cikin gari, sun san hannun juna kamar yadda maɗinka suka san ɗinkin juna, kuma sun san wa ya tsaya ina ranar Hawan Sarki.

In ka yi duk wannan ba ka gano ba, haƙura da hoton. Na san da zafi. Amma rubutun nan da ake yi a ƙasa wai "haƙƙin mallaka na masu shi ne" ko "daga intanet" ba ya wanke kowa, hasali ma ka rubuta da hannunka cewa ka san ba naka ba ne.

Na uku, tsofaffin hotuna, wanda mu Katsinawa muka fi so. A dokarmu haƙƙin hoto yana ɗaukar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a da yardar mai shi, in kuma ba a fitar ba a tsawon wannan lokacin to shekara 50 daga ɗaukarsa. Misali hoton da aka fara bugawa a 1970 ya fita daga kariya a ƙarshen 2020. Kenan hotunan zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ba su da wannan matsalar a nan gida in dai ba daga baya sosai aka fara fitar da su ga jama'a ba, haka na farko-farkon zamanin Sarki Usman Nagogo. Amma Nagogo ya kai har 1981, don haka na ƙarshen zamaninsa sai ka zauna ka yi lissafi, na lokacin Sarki Muhammadu Kabir Usman kuwa da na bikin ƙirƙiro jiha a 1987 duk suna cikin kariya daram. Sai kuma ka tuna ko wa'adi ya ƙare, kwafin da ke hannun wani nasa ne, in albom ɗin wani gida ne ka je ka gaishe su ka roƙa su ara ma, in daga ɗakin adana tarihi ka karɓo za su iya gindaya ma sharaɗi kuma in ka sa hannu ya hau kanka. Kar kuma ka ce ai mai hoton Bature ne ba zai sani ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, hoton ɗan wata ƙasa da ke cikinta yana da kariya a nan kamar na ɗan Ƙofar Ƙaura, kuma masu zuwa kallon hawa daga waje da yawansu sana'arsu kenan, suna bibiyar hotunansu a intanet.

Na huɗu shi ne neman izinin kansa, a nan zan ɗan daɗe don shi ne ƙashin bayan aikin. In dattijo ne ka je da ƙafarka tukuna, kar ka fara da saƙo. In sa'anka ne kira ya isa. Amma duk yadda kuka yi da baki, a ƙarshe a mayar da shi rubutu. Doka ta yarda izinin da ba na keɓewa ba ya kasance da baki ko ma a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala, sai dai ranar da aka samu saɓani "ai ka ce ba komai" ba ta da shaida. In kuwa so kake ya sayar ma da haƙƙin gaba ɗaya, ko ya zama kai kaɗai ke da izini ba wani, wannan dole sai a rubuce doka ta ce. Mafi yawan baje koli ba ya buƙatar haka, aro kawai kake nema, kuma ka faɗa masa aro ne don hankalinsa ya kwanta farashi ma ya sauko.

Ga irin saƙon da nake turawa, gyara shi yadda ya dace da kai:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Kamar yadda muka yi magana, muna neman izinin sa hotunanka guda uku da na turo a sama a baje kolin da za mu yi a wuri kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Za mu buga kowanne kwafi ɗaya, girma kaza. Ba za mu yanke ko mu canza kala ba. Za mu rubuta sunanka a ƙasan kowanne yadda kake so a rubuta. Shiga kyauta ne, ba za mu sayar da hoton ba. Muna so mu sa guda ɗaya a fostar talla da shafinmu na Facebook in ka amince. Bayan an gama za mu kawo ma firam ɗin. Za mu ba da abin da muka daidaita, naira kaza. In ka yarda don Allah ka amsa da rubutu."

Kowane layi a ciki akwai rigimar da yake tarewa. Izinin rataya a bango daban, izinin fosta daban, izinin sa wa a intanet daban, kalanda da riga da memo kuwa wata magana ce gaba ɗaya don nan kuɗi ya shigo. In akwai mai ɗaukar nauyi da za a manna tambarinsa, ko ɗan siyasa zai zo buɗewa a sa hotonsa a gefe, faɗa wa mai hoto tun farko, akwai wanda zai ba ka kyauta don raya al'ada amma ba zai yarda aikinsa ya koma kayan kamfe ba, kuma yana da gaskiya. In ya amsa da muryar WhatsApp adana ta, sannan ka ce don Allah ya ɗan rubuta "na amince" a ƙasan saƙon, ka yi sikirinshot da lambarsa da kwanan wata a jiki, ka tura wa kanka a imel don waya tana faɗawa ruwa. In hotunan da yawa ne ko akwai kuɗi mai kauri, buga shi a takarda ku sa hannu da shaida ɗaya ɗaya.

Maganar kuɗi, kai ka fara ɗauko ta, kar ka bari kunya ta sa shi yin shiru. Wani zai ce sunansa kawai yake so, wani zai ce a buga masa kwafi ɗaya, wani zai yanka farashi. In ka tura ta banki rubuta dalilin biyan a jiki ka ajiye rasit. Kuma akwai ribar da ba a faɗa: wanda ya ba ka izini zai ba ka asalin fayil. Hoton da ya sha yawo a guruf an matse shi, a waya ka ga kamar lafiya lau amma da an buɗa shi ya kai girman allo sai fuskoki su dagule kamar an zuba ruwa. Ka ce ya turo a matsayin fayil ko ya sa ma a filash.

Wani abokina ya taɓa ce min wai duk wannan dokar Turawa ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira abin kiyayewa ne a Shari'a, bai halatta a keta shi ba. Na faɗa masa ya ce toh.

Na biyar, mutanen da ke cikin hoton. Wannan ya fi shafar masu hoto da ke son baje nasu aikin. Ka ɗauki bikin wani, kamu ko ɗaurin aure ko suna, an biya ka, haƙƙin mallaka naka ne in ba ku yi wata magana ba, amma sabuwar dokar ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa ikon hana a baje shi ko a yaɗa shi ga jama'a. Kenan hoton amaryar wani ba ya hawa bangon ɗakin taro sai mai bikin ya yarda, ni kam har ita amaryar nake cewa a tambaya, a garin nan hoto ɗaya ya isa ya haɗa gida biyu faɗa. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin bayanansa. Taron hawa da dubban mutane a fili wani abu ne, amma fuskar yaro ɗaya cike da firam, almajiri ko 'yar talla, sai ka nemi iyaye ko malaminsa. Hotunan fada kuwa, na Katsina ko na Daura irin su Hawan Magajiya da Sallar Gani, ko ba doka ladabi ya ce a sanar da wanda ya dace, musamman in fuskar Mai Martaba za ta hau fosta.

Na shida, hotunan kyauta. Akwai su, a Wikimedia Commons za ka samu na Gobarau da rijiyar Kusugu da hawa, amma kowanne da sharaɗinsa a ƙasa, karanta. Lasisin Creative Commons, wato izinin da mai hoto ke ba kowa bisa sharaɗi, in mai BY ne yana nufin dole ka ambaci mai shi da lasisin, mai SA in ka sarrafa hoton sai ka saki naka a kan sharaɗi iri ɗaya. A wasu shafukan za ka ga NC, wato ban da kasuwanci, in za ka sayar da tikiti ko kwafi to koma ka tambayi mai shi, ND kuma ba a sarrafa shi. A cikin lasisin nan CC0 ne kawai aka sake gaba ɗaya. Abin da Google ya nuna ma a bincike ba kyauta ba ne, shi nuni kawai ya yi.

Na bakwai, shagon bugawa. Tsaya a kan yaron da ke kan kwamfuta, don hannunsu yana ƙaiƙayin editin, kafin ka ankara ya ƙara kala rawani ya koma wani abu ko ya yanke gefe don ya shiga firam. A nemo firam da ya dace da hoto. Doka ta ba mai hoto ikon a ambaci sunansa da ikon ƙin a lalata ko a jirkita aikinsa ta yadda zai taɓa mutuncinsa, kuma wannan ikon yana nan tare da shi ko ya sayar da sauran haƙƙin, kenan abin da na yi na yanke sunan Baba laifi biyu ne a haɗe. Buga adadin da kuka yi magana kawai, wanda ya lalace a yaga shi a gabanka, sannan ka sa a goge fayil ɗin daga kwamfutar shagon kana kallo, har cikin kwandon shara. In ba haka ba wata shida sai ka ga hoton a kalandar wani kuma kai za a nema. Kowane hoto a yi masa ɗan kati: sunan mai ɗauka, wuri, shekara. Tura masa katin ya duba, wani sunan situdiyo yake so wani nasa na yanka.

Ranar buɗewa kowa zai zaro waya, ba ka iya hanawa, amma manna sanarwa a ƙofa cewa a ɗauki hoton tarihi ba laifi, ban da ɗaukar hoto ɗaya cike da fuskar waya don a je a buga. 'Yan jarida doka ta ba su sarari na ba da labari da yin sharhi gwargwadon adalci tare da ambaton mai aikin, ka nuna musu katin su haɗa da shi. Wannan sararin bai kai ga kai mai baje koli ka buga cikakken hoton wani babba ka ce ai don ilimi ne ba kuɗi muke karɓa ba, rashin karɓar kuɗi ba ya zama izini. Bayan an tashi cika alkawari, wanda ka ce za ka mayar mayar, in wani baƙo ya ce zai saya haɗa shi da mai hoton.

Toh in aikin gama ya gama fa, ka riga ka rataya mai shi ya zo? Sauke hoton a take, a bango da a intanet. Kar ka ce ai tallata ka muka yi, wannan maganar ita ke mayar da ƙaramin abu babba. Ba da haƙuri, tambaye shi me yake so, in abin ya yi tsauri a sa babba a tsakani, abin da aka daidaita a rubuta. Don in ta kai kotu, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka, kuma akwai ta a nan Katsina, tana iya sa ka biya diyya, ta hana ka ci gaba, ta sa ka miƙa kwafin da ribar da ka samu, ga kuɗin lauya. In sayarwa kake yi ma abin yana iya zama laifi mai tara ko ɗauri.

In kuma kai ne mai hoton da aka yi wa, kar ka fara da fostin na zagi, da ka yi za a sauke a ce ba a yi ba. Fara tara shaida shiru: hoton bangon daga nesa da kusa, ɗan bidiyo da ke nuna ƙofar wurin da fosta, tikiti in akwai, sikirinshot na shafinsu. A gida ware asalin fayil ɗin daga memori da hotunan da ka ɗauka gabansa da bayansa a jere, wanda ya kwaso a guruf ba shi da waɗannan. Sai ka rubuta musu takarda mai ladabi, ga hotona, ga abin da nake so, a sauke ko a sa suna ko a biya, zuwa rana kaza. Facebook da Instagram suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana karɓar koke kuma tana yin rajistar aiki ta intanet, rajistar ba dole ba ce amma tana sauƙaƙa ma kafa hujja. In sun yi kunnen uwar shegu sannan ka ga lauya.

Mu dai tamu ta tsaya a zaure. Washegari ni da shugaban ƙungiya muka je gidan Baba da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya karɓi goron ya turo kuɗin ya ce a sake buga hoton da su yadda ya ɗauke shi, ya shiga ciki ya fito da filash a cikin wata tsohuwar ledar magani. Da muka buɗe a shago ashe hoton ya fi wanda muka sani faɗi nesa ba kusa ba, gefen hagu akwai wani zagi ya ruƙo bargo yana gudu bakinsa a buɗe, duk masu turawa sun yanke shi tun kafin ya iso wayata. Sai da kafinta ya yi mana sabon firam.